Miyar enchilada: ba garin barkonon kicin ɗinki ake nufi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, muna roƙon ɗan fili a shafin girke-girke domin mu gyara wani kuskure da ke yawo tsakanin matanmu a nan Saudiyya, tun daga Jidda har Shara Mansur a Makka. Tun da abincin ƙasar Meziko ya shigo gidajenmu ta bidiyon waya, ana ta tura wa juna wata hanyar haɗa miyar enchilada (wato tortilla, siririyar gurasar Meziko, da ake naɗewa da nama ko wake a lulluɓe da miya) mai cewa a zuba cokali uku na garin barkono. Duk wadda ta auna wannan da barkonon da ke kicin ɗinta, tukunya guda za ta kai bola. In kuwa ta riga ta lasa wa yaro, sai dai mu ce Allah ya kyauta.

Fassara ce ta kawo matsalar. Abin da Amurkawa ke kira chili powder haɗi ne, kamar yadda yajin ƙuliƙuli yake haɗi a wurinmu: garin busasshen tattasai marar zafi, da kammun (cumin), da garin tafarnuwa, da ganyen ƙamshi na oregano, sau da yawa har da gishiri. Wani Bajamushe mazaunin Teksas, William Gebhardt, na cikin waɗanda suka fara sayar da shi tun a shekarun 1890. Amma ledar da ke ɗauke da wannan suna a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, ko wadda mai baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, zai miƙo miki in kin ce filfil harr, barkono ne zalla. Suna ɗaya, kaya daban.

Miyar enchilada miyar ɗanɗanon tattasai ce, zafi ɗan rakiya ne. Akwai ma'aunin zafin barkono da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, kuma shi zai nuna tazarar. Ancho, ɗaya daga cikin busassun barkonon da mutanen Meziko ke wannan miya da su, yana tsakanin 1,000 da 2,000. Gwahiyo, wanda ake rubuta guajillo a jikin leda, 2,500 zuwa 5,000. Attarugunmu kuwa daga 100,000 yake farawa, yana kai wa 350,000. Don haka attarugu ba ya cikin wannan zance sam.

Hanyar asali da busasshen barkono ɗungurungum ake yin ta, kuma a ganinmu ita ta cancanci wahala. Ana buƙatar giram 60 zuwa 65, wato gwahiyo shida da ancho biyu. Ba kullum ake samun su a manyan kantuna ba, in an samu ma da tsada. Madadin da ya fi kusa da su yana cikin tsarabar da 'yan'uwa ke zuwa da ita daga gida: busasshen tattasai giram 50, a ƙara masa giram 10 na barkonon Kashmir, wanda masu kayan ƙamshi a kasuwar Bab Makka ta Jidda da shagunan Indiyawa ke sayarwa. Shi na Kashmir launi yake bayarwa, ja wur, zafinsa kaɗan ne. Tattasan da ya zauna a danshin Jidda sai an tsaga an duba cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi fari-fari ko baƙi-baƙi na fumfuna a yar da shi, domin dafuwa ba ta kashe gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari. Mai kyau yana lanƙwasuwa kamar fata. Wanda ke ruɓushewa a hannu ya tsufa, ƙamshinsa ya tafi.

Ki goge ƙura da ɗanyen tsumma, ki bar shi ya sha iska, ki cire hancin, ki zazzage 'ya'yan, ki kuma ɓare fararen jijiyoyin ciki. Mutane na ɗauka a 'ya'yan zafi yake. A jijiyoyin nan yake; 'ya'yan ɗaci da tsakuwa-tsakuwa suke kawowa.

Sai gashi, kuma a nan mafi yawan miya ke lalacewa. Busasshen kasko, wuta matsakaiciya, a shimfiɗa ɓari biyu ko uku, a danna da bayan ludayi daƙiƙa 15 zuwa 20, a juya, a sake. Da zarar ƙamshi ya taso kuma fatar ta ɗan kumbura, a kwashe. Akwai sukari a jikin busasshen tattasai, ga shi siriri, shi ya sa tsakanin gasuwa da ƙonewa ƙiftawar ido ce. Ɓari ɗaya da ya yi baƙi ya isa ya sa tukunya duka ta yi ɗaci, kuma irin wannan ɗacin ba ya jin magani. A yar da shi kawai, kada a yi tsumulmula. Mai goyo ta sauke goyon kafin ta fara, ta kai yaron wani ɗaki, ta kunna fankar jan hayaƙi. Gidajenmu a rufe suke saboda na'urar sanyi, kuma turirin barkono da zai sa babba atishawa biyu zai iya sa jariri tari mai tsanani.

A zuba gasasshen tattasan a kwano, a rufe shi da ruwan da aka sauke daga tafasa, a ɗora faranti ya danne shi, a ba shi minti 20. Kafin nan a gasa rabin albasa da tafarnuwa ƙwaya uku da ɓawonsu a kaskon nan, kamar minti 8 zuwa 10, har tafarnuwar ta yi laushi, sannan a ɓare. Ruwan jiƙon kuma a ɗanɗana shi. In ba ɗaci, a ɗibi rabin kofi a haɗa a markaɗe. In akwai, a zubar, ba a yi asarar komai ba.

A blanda za a haɗa tattasan, da albasa, da tafarnuwa, da rabin cokalin shayi na garin kammun, da cokalin shayi ɗaya na oregano, da romon kaza marar gishiri rabin lita. Cokalin shayi a nan mililita 5 ne, na cin abinci 15, kofi 250. Ga wani tarko kuma: in kin tambayi oregano a kasuwa, wani zai ba ki za'atar na karin kumallo, mai riɗi da sumak a ciki. Wannan na burodi da man zaitun ne. Ganyen zalla kike so. Oregano na Meziko ma wani tsiro ne daban da na ƙasashen Bahar Rum, yana ɗan ƙamshin lemun tsami, amma wanda ake samu a nan ya wadatar. In romon da zafi, kada a cika blanda fiye da rabi, a cire ɗan murfin tsakiya a rufe ramin da tawul, domin tururi na iya cilla murfi sama ya watsa wa mutum a fuska. A markaɗa minti biyu cur, sannan a tace da rariya mai laushi ana murzawa da ludayi. Fatar gwahiyo da ta tattasai ba ta narkewa, takan maƙale a haƙori da maƙogwaro, yara kuwa da sun ji ta a baki sai su furzar da lomar.

Miyar ba ta zama miya ba tukuna, sai an soya. A zafafa mai cokali biyu na cin abinci a tukunya mai zurfi, a juye markaɗen gaba ɗaya. Zai yi tsalle, don haka a riƙe murfi kusa. A yi ta juyawa minti biyar har launin ya koma ja mai duhu, sannan a rage wuta, a bar shi minti 15 ba murfi. Wannan suyar ce ke kashe gafin ɗanyen barkono, kamar dai yadda ba a barin kayan miyar jajjage ba su soyu ba. Inda kika ga an rubuta manteca ko lard a girkin mutanen can, kitsen alade suke nufi. Man masara ko man gyaɗa na yin aikin, man shanu ma ya fi ƙamshi. Miya ta yi in ta lulluɓe bayan cokali, aka ja yatsa a kai layin bai haɗe ba. Za a samu kusan mililita 600, abin da zai ishi enchilada goma zuwa sha biyu.

Kafin gishiri, a ɗebe kason yaro. Wannan shi ya sa muka ce romo marar gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ne abincinsa. Daga wata shida zuwa shekara ɗaya ba a sa masa gishiri a abinci, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwarin da za ta tace shi ba, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Daga shekara ɗaya zuwa uku, giram biyu a yini ne iyaka, wato ƙasa da rabin cokalin shayi, har da na burodi da cuku. Cokali ɗaya na miyar a cikin cokali uku na zabadi, wato yogot, a cakuɗa da dafaffen wake ko shinkafa mai laushi, ya ishi ɗan wata tara ya fara sanin ɗanɗanon. In ya yi kukan yaji, nono ko zabadi za a ba shi. Sinadarin zafin barkono a mai yake narkewa, ruwa sai dai ya yaɗa shi a baki. Saboda haka ma, uwa ko uban da ya tsaga barkono ya murza ɗan mai a hannu, ya wanke da sabulun wanke-wanke, kafin ya taɓa idon yaro ko ya sauya masa kunzugu.

Na manya sai a sa gishiri cokalin shayi ɗaya da khal, wato binigar, cokalin shayi ɗaya. Mai son zafi ya barbaɗa barkononsa a farantinsa.

Ranar da yaro ya hana sakat, akwai gajerar hanya irin ta Teksas, minti 15 ta gama. Mai cokali uku na cin abinci, fulawa cokali uku, a juya a wuta matsakaiciya minti ɗaya. A zuba cokali biyu na paprika mai zaƙi, wato garin jan tattasai marar zafi, da cokalin shayi ɗaya na garin Kashmir, ɗaya na kammun, rabi na garin tafarnuwa, rabi na oregano. Wannan haɗin shi ne ya tsaya a madadin chili powder ɗin da ya ruɗa mutane. Daƙiƙa 30 kawai za su yi a mai, domin paprika ta fi komai saurin ƙonewa. Sai tumatirin kwali cokali biyu, sannan romo rabin lita. Duk wadda ta taɓa yin talge ta san sauran: ruwa kaɗan-kaɗan, muciya ba ta tsayawa, in ba haka ba gudaji. Ludayin farko zai sa abin ya dunƙule kamar ƙullu, kada ki tsorata, ki dama shi ya yi sumul kafin ki ƙara na biyu. Minti 7 zuwa 10 a ƙaramar wuta. Ba ta kai ta farko daɗi ba, gaskiya, amma ta fi ta gwangwani nesa ba kusa ba.

Ɗan ɗacin da bai kai na ƙonewa ba, dabino ɗaya da aka markaɗa a ciki yana gyara shi. Mutanen Meziko piloncillo suke sawa, wanda ba komai ba ne illa mazarƙwaila. In tsamin tumatir ya yi yawa, ɗan garin baking soda a bakin cokali ya isa. Kada a sa kanwa a madadinsa: tana dusar da launi, tana kuma barin nata ɗanɗano. In ta yi ruwa, a ƙara mata wuta ba murfi. In zafi ya yi yawa kuwa, ba a cire shi, sai dai a ninka miyar da gasasshen jan filfil rumi (babban tattasai marar zafi) biyu da aka markaɗa.

Wurin naɗi ma ana ɓata miya mai kyau. Tortilla ta masara ita ce ta asali, kuma masarar da ake yin ta da ita sai an dafa ta da ruwan toka ko farar ƙasa kafin a niƙa, shi ya sa garin tuwonmu ba ya kamuwa in aka gwada shi. In an samu ta masarar, a tsoma kowace a mai mai zafi daƙiƙa goma, sannan a miya, sai a naɗe. Man ne ke hana ta jiƙewa ta yage. Ta alkama, wadda ta fi yawa a kantunan nan, ko siririn burodin Larabawa na saj, ba a tsoma su, domin sukan zama kamar ƙullu. A shafa miya kaɗan a ƙasan tire, a jera su da naman kaza ko wake a ciki, a zuba sauran a sama da cuku, a gasa a maki 190 na Salshiyos minti 15 zuwa 20. In cukun akkawi za a sa, a jiƙa shi awa ɗaya ana sauya ruwa, gishirinsa ya ragu.

Ajiya kuma a ƙasar zafi ba wasa ba ce. Dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a waje, in zafin wurin ya haura maki 32 kuwa awa ɗaya ce, kicin ɗin Makka da rani kuma ya wuce nan. A raba miyar a ƙananan kwanuka ta yi saurin hucewa. Firji kwana uku zuwa huɗu, firiza wata uku. Kason yaro a zuba shi a tiren ƙanƙara, in ya daskare a juye a leda a rubuta kwanan wata, kullum a ciro ƙwaya ɗaya. A kwalba kuma a bar sararin yatsa biyu a sama, kada ta fashe. Abin da muke roƙo kada a yi shi ne cika kwalba da miya mai zafi a ɗaure a ajiye a kabad kamar ta kanti. Miyar tattasai da romo ba ta da tsamin da zai hana ƙwayar cutar botulizim tsira a inda ba iska, kuma gubarta ba lallai ta sauya wari ko launin miyar ba.

Mun gode da filin da kuka ba mu. Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Daga wasu iyaye masu girki,
Jidda, Saudiyya