Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Manhajar Da Ke Karanta Hoton Mama

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Cigarin Misau.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar sashen hoto ce a wani asibiti a nan Arewa. Aikina in tsayar da mace gaban na'urar mamogiram, in daidaita mamanta tsakanin farantai biyu, in ce mata "ki daure Hajiya, riƙe numfashi," sannan in danna. Ba ni ke karanta hoton ba, aikin likitan hoto ne. Amma wanda ya daɗe a bakin rijiya ya san zurfinta ko bai taɓa shiga ba, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto maka.

Akwai wani abu da ke fitowa a hoton wanda ke hana likitocinmu sakat: fararen ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa gishiri a kan baƙin tire. Sinadarin kalsiyam ne ya taru a cikin naman, kuma sau da yawa ɗigo ɗaya bai kai rabin milimita ba. Hannu ba ya jin sa, matar ba ta jin ciwo, babu ƙullutu. Mafi yawansu ba komai ba ne, ko shekaru ne suka kawo su, ko tabon wani tsohon kumburi, ko bangon jijiyar jini. Amma wasunsu su ne sawun farko na sankara, tun tana kwance cikin bututun nono ba ta fasa ta fito ba, lokacin da magance ta ya fi sauƙi. Likita yana bambance su ne da siffa da yadda suka jeru. Manya masu santsi da suka warwatsu ko'ina ba su cika tayar da hankali ba. Sirara masu rassa da ke bin layin bututu, ko waɗanda suka cure wuri guda kowanne da kamarsa kamar fasasshen dutse, su ne abin tsoro. Tsakanin waɗannan biyun kuwa akwai fili mai faɗi. A ma'aunin BI-RADS na ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, wanda mu ma da shi muke aiki, mataki na 4 yana nufin yiwuwar sankara daga sama da kashi 2 har zuwa ƙasa da kashi 95 cikin ɗari. Dubi faɗin nan, ranka ya daɗe. Saboda haka ne ake ɗibar nama a gwada, kuma akasarin wanda aka ɗiba lafiya ƙalau yake fitowa.

A wannan filin ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Ana nuna wa manhaja dubban hotunan da an riga an san sakamakon gwajin namansu, har ta laƙanci kamannin da suka fi tafiya da sankara. Idan aka ba ta sabon hoto sai ta zagaye wurin da take zargi, ta ba shi maki. Ba na cikin masu ƙin abin. A gwajin MASAI da aka yi a Suwidin kan mata kimanin 80,000, wanda aka fitar da sakamakonsa na farko a 2023, ɓangaren da manhaja ta taimaka wa likitoci ya gano sankara 244, ɗaya ɓangaren 203, aikin karatun hoto kuma ya ragu da kashi 44 cikin ɗari. Mu ma a ƙasar nan mun ga amfanin irinta wajen neman tarin fuka da hoton ƙirji, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a 2021. Don haka ba na shakkar 'yan kasuwa za su kawo maka ta mama, in ma ba su riga sun kawo ba.

Sai dai an taɓa yin rawa da irin wannan kiɗan. A 1998 hukumomin Amurka suka amince da wata manhaja ta farko mai taya likita duba mamogiram, asibitoci suka yi ta saye. Sai a 2015 wani babban bincike kan mata fiye da 300,000 ya nuna ba ta ƙara wa likitocin daidaito ba. Ta yanzu ta fi waccan nesa ba kusa ba, amma dai ita ma abin da ta gani shi ta sani. Matan Suwidin ana gayyatarsu su zo gwaji suna da lafiyarsu, likitoci biyu su karanta hoto ɗaya. Namu kuwa sankarar kan kama su da ƙarancin shekaru, da yawa a shekarunsu na arba'in da wani abu, lokacin da naman maman yake da kauri, ya fito fari fat a hoto ya ɓoye abin da ake nema. Na'urorinmu ma ba iri ɗaya ba ne, wata sabuwa, wata ta sha gyara. Ga kuma wani ƙaramin abu da sai wanda ke ɗakin zai sani: hoda da turaren hammata da wasu mayukan shafawa suna fitowa a hoto kamar waɗannan ɗigo-ɗigon. Kullum da auduga da ruwa nake fara aiki, in roƙi mace ta goge. Wata kuma ta zo da ragowar ƙullin maganin gargajiya a fatarta. Wace manhaja ce aka taɓa gwadawa a kan irin wannan?

Roƙona na farko ke nan. Kafin a sayi kowace iri da kuɗin gwamnati, a gwada ta a kan hotunan matanmu waɗanda aka san sakamakon namansu, a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri da Ibadan, cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa, NICRAT, ta ja gaba, a buga abin da aka samu kowa ya gani. Hotunan kuma amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, amma takardar neman izini da aka rubuta da Turanci, aka miƙa wa matar da kunya ta riga ta hana ta ɗaga kai, ba izini ba ne. A yi mata bayani da harshenta, kuma mace ta yi mata.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo bayan da'irar da manhaja ta zana. Irin waɗannan ɗigo-ɗigon galibi ba sa fitowa da kyau a sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, don haka ba za a bi su da allura ta hanyar da aka saba ba. Sai an ɗauki hoton wurin ta kusurwa biyu, na'ura ta lissafa zurfinsa, a tura allura daidai kansa, a sake ɗaukar hoton ɗan naman da aka ciro don a tabbatar ɗigon yana ciki, sannan ya tafi wurin likitan da ke duba nama a madubin ƙara girma. Mu ba mu da wannan kayan aikin. Na tuna wata malamar makaranta da ta zo da ƙafarta saboda yayarta ta rasu da ciwon. Hoto ya nuna curin ɗigo a gefe guda, likita ya ce sai an ɗibi nama, aka rubuta mata takarda zuwa wani gari. Ta tsaya a bakin ƙofa tana naɗe takardar tana warwarewa, ta ce, "Sista, to yanzu ina da shi ko ba ni da shi?" Na ce sai an gwada. Ta ce sai ta yi shawara da maigida, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga na gwajin. Na kira ta sau biyu bayan nan, a na uku wayar a kashe.

Idan aka girka manhaja mai kaifin ido a ɗakinmu ba tare da allurar da likitan naman ba, irin wannan malamar za mu ninka. Alƙaluman hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 sun nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce a kammala gano ciwon, har da gwajin nama, cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Da wannan kwana 60 ɗin nake so a auna duk wata na'ura da za a kawo.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ranar da takardar sayen manhajar ta iso teburinka, ka tambayi masu ita: matar da aka zagaye wa wuri a hoto a Azare ko Gusau, ina za a ɗibi namanta, wa zai biya, wane likita ne zai sa hannu a sakamakon, kuma wa zai kira ta idan ba ta dawo ba? A rubuta amsar a cikin takardar kwangilar, a kuma ware mata kuɗinta a kasafi ɗaya da na manhajar.

Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar sashen hoto.