Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Karatun Mataimakan Asibiti

Allah ya ja zamanin Hakimi. Bayan gaisuwar ban girma, mu ne 'ya'yanka masu aikin taimako a ƙananan asibitocin gundumarka: masu yanka kati, masu wanke ɗakin haihuwa, da 'yan sa kai da ake ba ɗan kuɗin sabulu in wata ya ƙare.

Ranka ya daɗe, idan dare ya raba aka kawo mai naƙuda a amalanke, malamar da ke da lasisi kuwa ta koma birni tun la'asar, mu ake buga wa ƙofa. Mu ke tafasa almakashi, mu ke haska tocilar waya har jariri ya yi kuka. In an sauka lafiya, ba sunanmu a rajista. In abu ya ɓaci, sai a ce wa ya ba mu izini. Gaskiya ne, ba mu da shi. Shi muka zo nema.

Ba wai hanyar ce ba mu sani ba. Karatun JCHEW, wato ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 2 ne, na CHEW, wato matakin da ke sama da shi, shekara 3, sannan mutum ya zauna jarrabawar hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta ƙasa ya karɓi lasisi. Makarantar fasahar lafiya tana nan Jahun, ta nas-nas da ungozomomi tana Birnin Kudu. Abin da ya tokare mana ƙofa shi ne kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Kemistiri da Fiziks, alhali yawancinmu mun gama sakandare ba mu taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Akwai 'yar'uwarmu da ta shekara 11 tana auna masu ciki, Fiziks kaɗai ya tsayar da ita. Wanda ma ya haɗa kiredit ɗin, in ya tafi karatu aka tsayar da albashinsa, me iyali za su ci?

An taɓa gwada maganin wannan matsala a jihar nan ta Jigawa. Shirin Women for Health da aka fara a 2012 ya ɗauko 'yan matan karkara ya ba su shekarar sharar fage, suka gyara jarrabawa suka shiga makarantun lafiya.

Don haka muna roƙon Hakimi ya isar da kukanmu ga Mai Martaba Sarki da shugaban ƙaramar hukuma, a buɗe mana ajin sharar fage da yamma a sakandaren garin nan, a biya mana kuɗin jarrabawa. Wanda ya samu gurbi a ba shi hutun karatu da albashinsa. Mu kuma mun yarda mu sa hannu a gaban dagatanmu cewa duk wanda aka karantar zai dawo ya yi aiki a ƙauyensu, don nan aka binne cibiyarmu, ba mu da wani gida a birni da za mu gudu.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka, mataimakan ma'aikatan lafiya na gunduma.