Yaya, ba caji ofis aka kai ni ba

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ya ƙafar Inna?

Jiya Goggo ta kira ni tana kuka, wai magana ta zagaye Ƙofar Marusa cewa an kama ni a Ingila an kai ni caji ofis, har Inna ta ce a kai tumakinta kasuwa a ɗaukar mani lauya. Wallahi ban runtsa ba. Babu wanda ya kama ni. Kada a sayar da ko ɗan rago. Ka zauna ka karanta wa Inna wannan da bakinka.

Takardar da na tura wa Auta hotonta, don ya ga abin da ya rage kuɗin watan jiya, ita ce tushen maganar. Idonsa ya faɗa kan kalmar “charge”, mu kuwa can da an ce caji, in ba waya ba to ’yan sanda. Kalmar nan fuskokinta da yawa. Asalinta ɗora kaya ne a kan amalanke, daga Latin ta bi ta Faransanci ta shigo Turanci, kuma in ka lura har yau ɗorawar ce: a ɗora maka kuɗi, a ɗora maka laifi, a ɗora maka alhakin wani wuri, a ɗura wa batir wuta. Abin da zai raba maka gardama shi ne ’yar ƙaramar kalmar da ke biye da ita. In ka ga “charged for”, kuɗi aka karɓa kan wani aiki, kamar cajin mai POS. In ka ga “charged with”, wannan ita ce tuhuma, ita ce ke kai mutum gaban alƙali. “In charge of” kuma shugabanci ne, wanda ragamar wuri ke hannunsa, kamar babbar nas mai kula da ɗakin marasa lafiya. “Free of charge” kyauta ke nan, ko sisi. Har sukuwar da mahaya ke yi su tunkari Sarki ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, da Bature zai ba da labarinta da kalmar nan zai faɗe ta. Auta ya gama sakandare, ya kamata a ce ya tsaya ya karanta layin har ƙarshe kafin ya buɗe baki a majalisa.

Abin da ke saman tawa takardar shi ne “Penalty Charge Notice”, wato sanarwar tara. A Landan akwai dokar hayaƙin mota da suke kira ULEZ, wadda tun 29 ga Agusta 2023 ta game dukkan unguwannin birnin, har da filin jirgin Heathrow. Motar da hayaƙinta bai cika ƙa’ida ba, galibi mai fetur da ta girmi 2006 ko mai dizal ta kafin ƙarshen 2015, ana biyan mata fam 12.50 duk ranar da ta taka ciki. Babu shinge, babu mai tsayar da kai, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. Ana ba ka zuwa 12 na daren kwana na uku ka biya ta intanet. Ka wuce haka sai tara ta fam 180 ta iso wa mai motar ta gidan waya. In ka biya cikin kwana 14 a rage rabi, fam 90. In ka yi biris har kwana 28 suka wuce, ta koma fam 270. Inda mutanenmu ke faɗawa shi ne sauya gida ba su sauya adireshin da ke takardar mota ba, wasiƙun na zuwa tsohon gida, bashin na hawa ba su sani ba. Ni na shiga sau ɗaya ɗauko baƙo, na manta, laifina ne, na biya 90 ɗin. Ba shari’ar laifi ba ce, kuma ba ta taɓa takardun zamana ba.

Aiki lafiya lau. Sanyi ne dai, ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, amma an saba. Wurin aikin ma ni ake bar wa makullai in dare ya yi, ka gaya wa Inna ɗanta ne “in charge”, ba wanda aka tsare ba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ta kwana biyu ba ta cin abinci saboda ni, ina nan ban sani ba. Shekara huɗu ban ga fuskarta ba sai a waya. Ta yafe mani.

Na tura naira 300,000 ta asusunka yau. Ka ware 120,000 na hatsi da cefane, 60,000 maganin Inna, ka kai ta asibiti da kanka, kada a sayo a kemis da ka. Dubu 70 kuɗin makarantar yaran Goggo, ka karɓo rasit ka ɗauki hotonsa. Sauran 50,000 ka riƙe. Ka shiga banki ka cira, kada mai POS ya yi ta gutsurar cajinsa.

Na ji Kawu ya fara karɓar gudummawar lauya a dangi. Ka same shi cikin girmamawa ya mayar wa kowa abinsa, ka rubuta sunaye da adadi ka turo mani. Kada kuɗin nan su bi ta hannun Auta, ko na kati. Ya bi gidajen da ya kai maganar ya warware ta da bakinsa, tukuna mu yi zancen wayar da ya roƙa. Tumakin Inna kuma na sake faɗa, kada a taɓa su.

Ka kira ni ranar Juma’a bayan masallaci, ka ba Inna wayar. In wani zai taho, a ƙullo mani kuka da daddawa.

Ƙaninka.