Kawuna ya riƙe kuɗin Umara, ni ake kamawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ina gaishe ku da duk masu sauraren wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da unguwarmu, ko da yake na san waɗanda abin ya shafa za su gane ni tun kafin a kai rabin wasiƙar.

Yau kwana huɗu ke nan matata ba ta gidana. Ranar Talata a ofishin 'yan sanda na kwana, Laraba da hantsi wani abokina ya yi belina, na dawo gida na tarar da ƙofa a garƙame. Ta kwashe yaranmu uku ta tafi gidansu, mukullin ta bar wa maƙwabciya. Ko takarda ba ta bar mini ba. Shekara tara muna tare, ba ta taɓa yin yaji ba sai a kan wannan magana, maganar da wallahi ba ni na ci kuɗin ba.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a nan Kano, irin waɗanda ake ce wa na jirgin yawo. Kamfanin na kawuna ne, wan mahaifiyata ciki ɗaya. Shekara 11 ina ƙarƙashinsa. Ba zan ɓoye alherinsa ba, shi ya ɗauke ni lokacin da na gama difloma ina zaune, shi ya biya mini kuɗin koyon Amadeus, na'urar da muke duba kujerun jirage da yanka tikiti. Amma daga wannan lokacin zuwa yau ni ne nake buɗe ofis ƙarfe takwas, ni nake amsa waya ƙarfe biyun dare idan jirgi ya bar fasinja a Addis Ababa ko Alkahira, ni nake shan zagi. Shi sai ya zo bayan Azahar ya zauna a cikin sanyi ya ƙirga.

Malam, mutane suna ganin mu cikin ofis mai gilashi su ɗauka kuɗi muke haƙa. Ba haka ba ne. Kawu da kansa yana ba mu labarin lokacin da kamfanonin jirage ke ba ejan kamasho kashi 9 cikin 100 a kan kowane tikiti. Wannan zamani ya wuce. Yanzu abin da muke ci shi ne ɗan abin da muka ɗora a kai na wahalarmu. Kuɗin tikitin da kuka ga an turo mana kuwa ajiya ne. Akwai ƙungiyar jirage ta duniya, IATA, mai tsarin da ake kira BSP, ita ke karɓar kuɗin a madadin jirage, kuma akwai ranar da aka yanka. Idan ranar ta zo babu kuɗi a asusu, za su rufe maka yanka tikiti, su taɓa garantin da ka ajiye a banki. Duk ejan da kuka sani, wannan ranar ce take hana shi barci. Ita kuma Umara wani lissafin ne daban: biza da otal da motar Makka zuwa Madina duk ta hannun kamfanin da kake hulɗa da shi a Saudiyya suke bi, kuma da riyal ake biya. Riyal a ɗaure take da dala, uku da kwata uku a dala ɗaya, saboda haka idan dala ta motsa a kasuwar canji ta Wapa da safe, kafin La'asar ta taɓa mu.

Na yi wannan dogon bayani ne don ku gane ramin ba yau aka haƙa shi ba. A 2020 korona ta sa aka rufe Umara, shekara biyu kuma babu wanda ya tafi aikin Hajji daga waje, muka zauna muna cin uwar kuɗi. Muna cikin farfaɗowa sai aka saki naira a watan Yunin 2023. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen 460 ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. Mun karɓi kuɗin mutane a tsohon farashi, kafin a biya otal kuɗin sun zama rabi. Sannan wasu mata biyu da muka kai suka ƙi dawowa, suka shige cikin takari, aka ɗora mana tarar. Tun daga nan Kawu ya shiga cire hular wannan yana sa wa wancan. Na sani, ba zan ce ban sani ba. Amma kullum yana fita, ban taɓa ganin ya kasa ba.

To a watan Rajab na kawo mutum tara da kaina, Umarar goman ƙarshe na azumi, kowanne naira miliyan 4. Duk mutanena ne: limamin masallacin layinmu, wasu 'yan kasuwa biyu na Kantin Kwari, ƙanwar babana, da sauransu. A cikinsu akwai surukata, mahaifiyar matata. Gonar da ta gada wajen mahaifinta ta sayar. Shekarunta sun haura 60, ba ta taɓa shiga jirgi ba, kuma ni na ce mata, Hajiya ki bar komai a hannuna. Asusuna suka turo kuɗin saboda ni suka sani, ni kuma na tura wa Kawu. Wannan shi ne abin da ɗan sandan ya riƙe, ya ce shi sunana ya gani a alat, bai ga na wani kawu ba.

Azumi ya kama babu biza. Na tambayi Kawu, ya ce kamfanin can ne ke jan ƙafa, kowa ma haka yake fama. Goma ga wata na ga wasu ejan na kusa da mu mutanensu suna ta tashi. Sai akawunmu ya ja ni gefe ya ce mini kuɗin mutanena ko kwana biyu ba su yi a asusu ba, da su aka biya BSP da bashin otal na bara. Ko riyal ɗaya ba a tura da sunansu ba.

A nan ne na yi abin da nake ganin kowa a matsayina zai iya yi. Mutane sun dame ni da waya, liman har ofis ya zo da jakarsa, ya buɗe ya nuna mini haramin da ɗansa ya saya masa, fari ƙal, ko ledarsa ba a cire ba. Sai na shiga na'ura na yi musu bukin. Shi bukin kama kujera ne kawai, na'ura za ta ba ka lamba mai harafi shida da sunan mutum da ranar tashi, amma idan ba a biya an yanka tikiti ba kafin wa'adin da jirgi ya bayar, da kanta take sokewa. Wanda ba ɗan harka ba ba zai bambance takardar da tikiti ba. Na buga na raba musu. Ban ce musu tikiti ne ba, Allah shi ne shaidata, cewa na yi ga takardar tafiyarku. Niyyata su samu natsuwa na kwana uku, domin Kawu ya rantse mini akwai kuɗin da yake jira daga Abuja.

Surukata da ta karɓi tata sai ta sa a cikin Alƙur'aninta. Ta bi dangi gida gida tana sallama, mata suka yi ta kawo mata sallahu, wannan ta ce dabino, wannan ta ce zamzam, wata ta ba ta sunan ɗanta da ba shi da lafiya a yi masa addu'a a gaban Ka'aba. Ni ina ji ina gani. Ɗaya daga cikin 'yan Kwarin nan ne ya kai takardarsa ofishin jirgin don ya ƙara kuɗin kaya, aka duba aka ce masa wannan bukin ya mutu tun shekaranjiya. Shi ne ya kai ƙara bayan Sallah, kuma ni ya kai, ba Kawu ba.

Shi kuwa Kawu, Malam, 18 ga azumi ya tashi. Ya tafi da amaryarsa da wasu manyan mutane biyar da ba ya iya saɓa musu. Muna nan muna ɓuya, shi yana ɗora hotuna a WhatsApp daga saman bene yana kallon Harami. Da ya dawo na same shi a gida, ko zama bai ce in yi ba. Ya ce harka ce, ana samu ana rasawa, a gaya musu a ɗaga zuwa Umarar Maulidi. Na ce Kawu mutanen nan kuɗinsu suke so. Ya ce wa ya ba su rasit ɗin kamfani? Wa ya ce in karɓi kuɗi a asusuna? Mutumin da shekara 11 yana cewa in karɓa a nawa don kada banki ya ga kuɗin ya cire bashinsa, yau shi ke tambayata wannan. Ranar da aka kama ni sau bakwai na kira shi bai ɗaga ba.

Akwai abin da ban faɗa ba. Farashin da Kawu ya ba ni miliyan 3 da dubu 850 ne, ni na cika shi 4. Wannan ba sata ba ce, haka harkar take, duk wanda ya kawo fasinja yana da nasa, kuma albashina ba ya kai mu ƙarshen wata. Sai dai har na surukata na ɗora. Na so in cire nata, sai na ga idan sauran suka ji farashinta ya bambanta za a yi surutu. Kuɗin na biya wa yara makaranta da su, jikokinta ne ai. Matata ba ta san wannan ba. Amma 'yan sanda sun karɓi bayanan asusuna, kuma wanta yana zuwa wurinsu kullum.

Abokina da ya yi belina ya ce in rubuta ƙorafi zuwa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, tunda ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, in haɗa da shaidar tiransifa da na yi wa Kawu. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta fashe da kuka. Ta ce shi ya riƙe ta bayan rasuwar babanmu, shi ya kai ta Makka, idan na tona masa asiri ba ta yafe mini ba. Ta ce in sayar da filina in fara biya, Allah zai mayar mini. Filin ko kuɗin mutum biyu ba zai biya ba. Kuma ina tsoron idan hukuma ta shigo, maganar takardar da na buga ita za ta fara fitowa, alhali ni ba ni da lasisin da za a ƙwace, sai dai a ɗaure ni. Wani kamfanin ma ya ce in koma wurinsu da fasinjojina, to wane fasinja ne zai sake bina?

Malam, na bi maganar mahaifiyata ko in ceci kaina? Idan na kai ƙarar Kawu na shiga cikin masu saɓa wa iyaye? Kuma ranar Juma'a baffana ya ce zai raka ni biko. Surukata tun Sallah ba ta ce mini komai ba, ko zagi, gaisuwata kawai take amsawa ta shige ɗaki. Idan na durƙusa a gabanta, in faɗa mata maganar dubu 150 ɗin nan da bakina, ko in yi shiru tukuna har matata ta dawo?

Wassalam. Naku mai sauraro kullum, daga Kano.