Wasiƙa zuwa Diffa, kan tafiyar Istambul cikin sanyi

Damagaram, unguwar Birni

Aminina Malam Issufu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Diffa baki ɗaya. Saƙonka ya iso. Na ji biza ta fito, kuma tafiyar sayen kayan ta faɗo cikin Janairu. Allah ya sa a je a sa'a.

Kada ka auna sanyin can da hunturunmu. Namu busasshe ne: a nan ko tsakiyar Janairu awon dare yakan tsaya wajen digiri 14 ko 15, hantsi na ɗagawa kowa ya tuɓe rigar sanyi. Na Istambul jiƙaƙƙe ne. Da rana 8 ko 9, da dare 3 ko 4, ga yayyafin da ke wuni bai ɗauke ba, ga wata iska da suke kira poyraz mai kaɗowa daga arewa maso gabas, wani lokaci har dusar ƙanƙara ta sauka. Wanda ya jiƙe a can, ko bargo ya yafa sai haƙoransa sun haɗu. Duk shirinka ya tafi kan yadda ruwa ba zai taɓa fatarka ba.

Shi ya sa zan fara da ƙafa. Ka nemi takalmi rufaffe mai kai wa idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasan roba mai tsaga-tsaga. Garin tudu da gangare ne, tituna da yawa dutse aka jera, farfajiyar masallatai kuma marmara ce. Takalmin fata mai sulɓin ƙasa, irin na zuwa ɗaurin aure, zai kai ka ƙasa. Ka ƙara lamba ɗaya a kan wadda ka saba, domin safa mai kauri ta samu wuri. In takalmi ya matse, jini ba ya gudu sosai, yatsu su daskare. Ka fara sa shi tun a gida kamar mako guda, ya yi laushi. Safa ƙafa biyar, ta ulu. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma kamar ka naɗe ƙafa da jiƙaƙƙen tsumma.

Jiki kuma hawa uku ake yi masa. Na ciki: riga mai dogon hannu da dogon wando masu kama jiki, biyu-biyu, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. Na tsakiya: rigar sanyi ta ulu, biyu sun isa. Na waje: kwat ɗaya mai hula, mai sauka har cinya, wadda ke tare ruwa da iska. Dalilin hawa-hawan shi ne shaguna da jiragen ƙasa da ɗakin otel duk akwai ɗumi a ciki. Ka shiga ka rage, ka fito ka mayar. Mai riga ɗaya tal mai kauri zai yi gumi a shago, ya fito iska ta same shi, gobe mura. Shadda da babbar riga ka bar su a Diffa, sai dai kaftani ɗaya na Juma'a da za ka ɗora kan na ciki. Ka haɗa da hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, rawaninka don wuya, ƙaramar lema mai naɗewa, da man kaɗanya don leɓe da dunduniya.

In ka biyo ta nan, mu leƙa ƴan gwanjo a kasuwar Dole. Kwat mai kyau takan samu, a duba zif da ɗinkin hammata kawai. Mu kuma ga dukawa su yi maka huffi na fata, domin ruwan alwala a can kamar reza yake. Ka san sharaɗin: fata ce ɗinkakkiya mai rufe idon sawu, a sa ta bayan cikakkiyar alwala, daga nan sai shafa. Alƙibla ma ba gabas ba ce a can, kudu maso gabas take. Agogonsu ya riga namu da awa biyu, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, magariba wajen ƙarfe 6. Wunin gajere ne, cinikin safe ake yi.

Akwati ya tafi da sauƙi tun da da nauyi zai dawo. Kwat da takalmin a jikinka za su shiga jirgi. Jakar hannu a jirgin Turkish Airlines kilo 8 ce. Na babban akwati ka duba tikitinka, can aka rubuta adadi da kilo. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, in ya shiga babban akwati za a tsayar da akwatin. Turare da mai kada kwalba ta wuce mililita 100 a hannu. Ka sa safa da kayan ciki na kwana ɗaya a jakar hannu, saboda akwati yakan yi lattin isowa. Kilishi da cuku ka haƙura, kwastan ba sa barin nama da kayan madara. Saƙon wani da ba ka buɗe da hannunka ba, kada ka karɓa ko na wane ne. Fasfo, katin rigakafin shawara da takardar otel su zauna a aljihun ciki, hotonsu a waya. Sefa ba ta canzuwa a can. Ka sayi yuro tun Yamai, ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari inda farashi ya fi. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, wuni cur a bas, don haka ka isa kwana ɗaya kafin tashi.

Da ka sauka, abu na farko shi ne katin Istanbulkart. Akwai na'urorin sayar da shi a tashoshi, ana zuba masa lira, kuɗin ƙasar, da shi ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, taram (jirgin ƙasa mai bin titi), bas da jirgin ruwa. Filin jirgin ya kai kilomita 40 daga tsakiyar gari. Tun da a unguwar Laleli masaukinka yake, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layin M11 zuwa Gayrettepe, ka canza M2, ka sauka Vezneciler. Sai dai canjin akwai tafiyar ƙafa mai tsawo. In dare ya yi nisa, jiragen sukan tsaya wajen sha biyu, sai ka nemi bas ɗin Havaist mai zuwa Aksaray. A gari taram T1 ne dokinka: Aksaray, Laleli, Beyazıt inda babbar kasuwa take (ba ta buɗewa ran Lahadi), Sultanahmet, Eminönü. Dilolin tufafi na unguwar Merter suna kan layin M1A. Tasi ranar ruwa wuya yake, ga cunkoso. In ya zama dole, ka ga an kunna mita kafin mota ta motsa. Ranar hazo ko iskar kudu maso yamma da suke kira lodos ana dakatar da jiragen ruwa, sai a ƙetare ta Marmaray, layin da ya ratsa ƙarƙashin teku tun 2013. Wayarka ta zauna a aljihun ciki, sanyi na shanye batir; cajarka ta gida za ta shiga soket ɗinsu.

In zazzaɓi ya kama ka a can, kada ka ɗauka mura ce kawai. Ka faɗa wa likita daga Nijar ka fito, a gwada maleriya, domin ba ita suke fara tunani ba. Lambar gaggawa 112.

Ka aiko mini da lambar takalminka da ranar da za ka iso, a sa dukawa su fara yanka. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Laminu