Masu dawaki, don Allah mu daina rufe ɗingishi da allura

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ka ɗan bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu dawaki, musamman matasan da suka shigo harkar kwanan nan, saboda abin da nake gani duk lokacin da sallah ta matso yana ci min rai sosai.

Ni a gidanmu na taso na tarar da doki a turke, amma duk da haka sai da na kusa rasa wani kili nawa saboda ganganci. Saura kamar sati uku sallah na ce bari in ciko shi ya yi ƙiba ya yi sheƙi, na ninka masa gero da dusa lokaci ɗaya har da masara, kwana kaɗan na shiga barga da safe na tarar ya miƙa ƙafafun gaba can gaba ya jingina nauyinsa a na baya kamar mai shirin zama, in ka ja shi ya ƙi tafiya, in ya taka kuma kamar kan ƙaya yake takawa. Na dafa kofaton na ji zafi rau, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce a yi masa lalas. Allah ya taimake ni na kira likitan dabbobi.

Bayanin da ya min shi nake so kowa ya ji. Kofato ba dunƙulen ƙaho bane kawai kamar yadda muke ɗauka. A cikinsa akwai ƙashi, kuma abin da ya riƙe ƙashin nan da bangon kofato wasu siraran ganyayyakin nama ne masu jini da suka sarƙe da juna. Idan doki ya ci hatsi ya wuce kima, cikinsa ya lalace, guba ta shiga jini, sai waɗannan ganyayyaki su kumbura su fara saki, ƙashin ya karkata ƙasa, wani lokacin har ya huda tafin kofaton. Kuma ƙafar gaba ta fi shan wahala don ita ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, kai da wuya duk a kanta suke, ga mahayi ga sirdi ga kayan ado na hawa a ƙara. Muka cire masa hatsi gaba ɗaya sai harawa da ciyawa, muka zuba yashi mai laushi a turken, muna tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara. Ya tashi alhamdulillah, amma shekarar da abin ya faru ko kilisa bai yi ba, domin kofato a wata bai fi tsawon santimita 1 yake yi ba, kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa sai an yi wata 9 zuwa shekara.

To ga inda na fi jin ciwo Malam Edita, sukuwa a kan kwalta. Daga gwiwar doki zuwa ƙasa babu tsoka ko kaɗan, ƙashi ne da jijiya da fata, shi ya sa in yaro ya sake masa linzami a titi ya zo ya ja zamiya jijiyar bayan ƙwaurin ce ke ɗaukar duka, washegari ka ga wurin ya kumbura ya yi kamar baka. Irin wannan watanni yake ɗauka kafin ya warke kuma ko ya warke ba ya komawa kamar da. Amma me ake yi? A siyo allurar kashe zafi a kemis a danna masa, ɗingishin ya ɓuya, a ba da shi haya ga masu angwanci su wuni a kansa. Wallahi wannan zalunci ne, dabba ce ba ta da bakin faɗa, ɗingishin nan shine maganarta.

Damina kuma nata daban. Doki na tsaye cikin kashi da fitsari, naman nan mai taushi na tsakiyar tafin kofato ya fara ruɓewa, ka ɗaga ƙafar ka ji wari ka ga baƙin ruwa. Maganin farko shara ce da busasshen wuri, da ɗaga ƙafa kullum a sakace. Ƙusa ma in ya taka kar a ce ƙaramin abu ne, tana tara mugunya a ciki kuma ta nan ciwon sarƙewar haƙora ke shiga, doki kuwa ba ya jure shi, a yi masa rigakafi tun da wuri. Yankan kofato duk sati 6 zuwa 8 ne, ba sai ya yi zaƙo-zaƙo ya tsage ba.

A Disambar 2024 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake taƙama da su, duk mun yi murna. Ina roƙon masarautunmu, Kano da Katsina da Zazzau da sauransu, su sa shamakai, masu kula da dawakin fada, su haɗa kai da likitoci, ga asibitin koyarwa na dabbobi nan a ABU Zariya, a riƙa duba ƙafafun dawaki kafin Hawan Daushe da sauran hawa, wanda aka samu yana ɗingishi a mayar da shi turke ko na waye.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai kiwon doki daga Zariya