Amsar maganarka kan The Godfather

Assalamu alaikum mutumina,

Ya karatu, ya sanyin can? Mutanen gida duk lau suke, Hajiya ma tace in gaishe ka.

Na ga saƙonka, naji daɗi da ka daure ka kalli The Godfather har ƙarshe, dama na faɗa maka Sarkar ɗin Amitabh Bachchan da kake yawan yabo daga nan aka ɗauko shi. Amma maganar da kayi cewa Don Vito shine namijin duniya mai riƙe zumunci, kuma haka ya kamata maigida ya zama, wallahi ban yarda ba, shi yasa na zauna na rubuto maka da tsawo.

Ka tuna yadda aka fara. Shekarar 1945 a New York, ana bikin Connie 'yar Don Vito a tsakar gida ana ta kiɗa da rawa, shi kuma yana ɗaki mai duhu mutane na shigowa da koke. Darakta Coppola da mai ɗaukar hotonsa Gordon Willis da gangan suka bar duhun nan, sau da yawa ko idon Marlon Brando, wanda ya fito a Vito, ba ka gani sosai. Duk wanda ya taimaka wa a ɗakin bashi ya ɗora masa, wata rana sai ya biya. Ko ƙin harkar ƙwaya da yayi lokacin da dillalin ƙwaya Sollozzo ya zo, ai da bakinsa ya faɗi dalili, alƙalai da 'yan siyasar da ke aljihunsa ne zasu guje shi.

Ni wanda ya tsaya min a rai Michael ne, ɗan Vito. Yaro ya dawo daga yaƙin duniya na biyu da kakinsa na soja, yana gaya wa budurwarsa Kay cewa wannan harkar gidansu ce shi ba ruwansa, uban kansa burinsa yaron ya zama sanata ko gwamna. Sai aka harbi tsohon a titi yana sayen lemo, Michael yaje asibiti ya tarar babu ko mai gadi ɗaya, ya tura gadon babansa wani ɗakin don kar a ƙarasa shi, kuma kowane ɗan halak haka zai yi, shi yasa abin yake da ciwo, don ta ƙofar son uba ya shiga. Daga nan sai gidan abincin nan na Bronx inda ya kashe Sollozzo da kyaftin ɗin 'yan sanda McCluskey. Ka sake kallon idon Al Pacino, wanda ya fito a Michael, kafin ya harba, ga ƙarar jirgin ƙasa tana ƙaruwa. Abin mamaki kamfanin Paramount da farko basu ma so a bashi rol ɗin ba.

To yanzu ƙirga min abin da gidan ya samu. Sonny yayan Michael an yi masa ruwan harsashi a tolget, Apollonia matar Michael ta fari ta tashi da bam a mota a Sisili, Michael yana tsaye a coci a matsayin ubangidan ɗan Connie na baftisma ana ta kashe mutane da umarninsa, a ranar kuma yasa aka shaƙe Carlo mijinta. Na san Carlo maci amana ne, shi ya sayar da Sonny, amma Michael ƙanwarsa ya mayar bazawara, sannan ya kalli matarsa Kay ido cikin ido yayi mata ƙarya. Wannan kake kira zumunci?

Ka nemi kashi na biyu na 1974, wanda Robert De Niro ya fito a Vito yana saurayi, ka lura da abin da zai faru da Fredo ɗan'uwan Michael, sai ka kira ni mu ƙarasa musun. Ka gaida mutanen ɗakinku.

Naka,
abokinka na Kano